Kuskuren da Kawu Yake Ajiye Mana a Allo

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda mutanen unguwar Zongo suke kira Metir, wato malam da Faransanci, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, ana ruwa, saura wata uku a shiga jarrabawar bak, ta kammala sakandare. Fiye da shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a lise, wato babbar sakandare. Da ya yi ritaya sai ya ci gaba da koyarwa a zauren gidansa, kullum bayan la'asar, ga duk ɗan ajin ƙarshe da ya samu wurin zama a benci.

Ban san yawan mutanen da suka bi ta hannunsa ba sai ranar jana'iza. Layin gidan duk taɓo ne, amma aka jera babura har bakin titi. 'Yan zemijan, masu haya da babur, suka zo a ayari, rigunansu a jiƙe. Wasu kiristoci 'yan ƙabilar Mina suka tsaya a wajen masallaci riƙe da lema har aka idar da salla, sannan suka bi gawa zuwa maƙabarta. Wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo wurin mata da kayan aikinta, ta durƙusa gaban matar Kawu, wadda muke kira Inna. Ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, Hausar ta ɓace mata, ta yi da Faransanci, Inna tana ta amsa mata da amin ba tare da ta ji ko kalma ɗaya ba.

Akwai wani tsohon alhaji mai sayar da atamfa, wanda ya daɗe yana cewa bai dace a haɗa samari da 'yan mata a zaure ɗaya ba. Kwana uku a jere ya zo zaman makoki, yana zama a bencinmu na gaba. A rana ta uku ya juya ya tambayi na kusa da shi, yanzu wa zai riƙe yaran nan. Jikarsa tana cikinmu.

Ina wanke kofuna a tsakar gida, ina jin hirar maza ta taga. Wani ɗan zemijan ya ce sau biyu ya faɗi bak, bai taɓa samu ba, amma har yau ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta sau biyu yana neman inda aka yi masa ɓoye, kuma Metir ne ya bar masa wannan ciwo. Wani ya ce bai taɓa ganin mutumin da zai yi maka ƙarya a allo kullum, ka koma gida kana gode masa ba. Aka yi 'yar dariya, aka tuna inda ake, aka koma addu'a.

Ina rubuta wannan don kada a manta da shi. Ina rubutawa kuma don na yi masa laifi, laifin yana nan yana yawo a wayoyin mutane daga unguwar Agoè har ta Kégué, kuma akwai yaran da zai iya kayarwa a jarrabawa. Sai na faɗi yadda yake koyarwa kafin a gane abin da na yi.

Bangon zauren na gabas ya shafe da baƙin fenti, shi ne allonmu. Ba ya shigowa da littafi. Alli biyu yake kawowa a cikin gwangwanin madara, fari da ja, farin nasa, jan namu. Zai gaishe mu, ya tambayi waɗanda suka zo daga nesa ko ruwa ya tare hanya, sannan ya juya baya ya fara aiki a allo, yana magana a hankali kamar mai yi wa kansa bayani. A cikin aikin nan kullum akwai kuskure guda ɗaya da ya sa da gangan. Ba ya canza murya idan ya zo wurin, hannunsa ba ya tsayawa. Idan ya gama sai ya mayar da farin alli gwangwani, ya kakkaɓe hannu, ya zauna a kujerarsa ta roba ya ce, "To, na ajiye muku. Ku nemo."

A nan darasin yake farawa. Zaure ya kaure da musu, wannan ya ce layi na uku ne, waccan ta ce ƙarya ne, layi na uku lafiyarsa lau. Wanda ya tabbata sai ya tashi ya ɗauki jan alli ya zagaye wurin, ya faɗi dalili. Idan bai iya faɗin dalili ba, Kawu ba ya karɓa, ko da wurin ne. Ba a tashi sai an gano. Sau da yawa kiran sallar magariba ya same mu a kai.

Na tuna ranar da ya rubuta x² = 3x, ya raba kowane ɓangare da x, ya ce x = 3, ya ja layi biyu a ƙasa. Mu ashirin da wani abu muka zuba ido. Aka gwada uku, ta yi daidai. Kusan rabin awa ba wanda ya ga komai, shi kuwa yana ta ɓare gyaɗa. Can jikar alhajin ta ce a gwada sifili. Kawu ya miƙa mata jan alli, ya ce mun cika mota mun tashi, mun bar sifili a tasha da kayansa. Tun daga ranar duk wanda zai raba da x a cikinmu sai ya tsaya ya duba tasha.

Yakan ce malamin da bai taɓa kuskure a gaban yara ba yana koya musu su yarda da allo ne, ranar jarrabawa kuma babu allo, daga kai sai takardarka. Yana da wata doka kuma: kafin ka rubuta amsa da Faransanci, ka faɗa masa ita da harshen da kake sayen koko da shi. Mai Hausa ya yi Hausa, mai Mina ya yi Mina, ɗan Kotokoli ya yi nasa, a samu mai fassarawa. Idan ka kasa, ya ce haddacewa ka yi, ka koma ka zauna. Wani yaro ya taɓa yin bayani da Mina har ya gama, Kawu ya ce lissafinsa ya yi kyau amma Minarsa ta 'yan kasuwa ce, kakarsa za ta ji kunya.

Mutane suna cewa Metir ba ya son waya. Ba haka ba ne. Wata rana ya sa aka fito da randar Inna da wani duro tsakar gida, ya sa ana zuba musu ruwa kofi-kofi, muna auna tsayin ruwan da sanda. Kafin a fara ya ce kowa ya zana a littafinsa yadda yake tsammanin layin zai hau. Na duro kowa ya samu, miƙaƙƙe ne. Na randa kusan duk muka faɗi, don ruwan yana hawa da sauri a gindi, ya yi nawa a ciki mai faɗi, ya sake gudu a wuya. Sai da muka gama musu sannan ya bari aka shigar da lambobin cikin manhajar zana layi da ke wayar wani, muka ga layin ya lanƙwashe kamar yadda ruwa ya faɗa. Inna tana bakin madafa tana cewa idan aka fasa mata randa, lissafin ne zai sanyaya musu ruwa. Wata rana kuma ya sa aka ɗauki hoton ruwan da ke fitowa daga bakin buta, muka ɗora layi a kan hoton muna canza lambobi har ya kwanta daidai kan ruwan. Sharaɗinsa guda ne: kai ne za ka fara faɗa, sannan waya ta faɗa. Wanda ya fara tambayar waya, ranar shi zai share allo.

Abin da ya ƙi shi ne a ɗauke shi bidiyo. A kan wannan suka saɓa da babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, mai shagon waya a cikin gari. Yaya ya zo wata Lahadi da sanda mai ƙafa uku ta ɗora waya, sabuwa a kwali, ya ce Baba yana ɓarnar ilminsa a kan mutum ashirin, alhali da bidiyo dubbai za su gani. Kawu ya tambaye shi, dubban nan wa zai kalli fuskarsu. Yaya ya ce zamani ya wuce nan, yara yanzu a waya suke karatu, ko ya so ko bai so ba. Muryoyi suka tashi har Inna ta leƙo. Ina zaune a lungu da littafina, na ji Kawu ya ce:

"Yaron da ya zauna da ni shi kaɗai a cikin waya, duk abin da na rubuta zai ce gaskiya ne. Babu na kusa da shi da zai ce masa tsaya. Ba na son a yarda da ni haka."

Mako guda suka yi daga gaisuwa ba sa ƙarawa. Sandar ta zauna bayan ƙofa, Inna ta riƙa shanya tsumma a kanta.

Na ji maganar nan da kunnena. A lokacin kuma na riga na yi wata guda ina ɗaukarsa a ɓoye, kuma ban daina ba.

Ni ba mai magana ba ce. Yaya, da yake taubashina ne, Rediyo Mara Batir yake ce mini. Tun da na fara zama a zauren ban taɓa tashi na ɗauki jan alli ba. Ko na ga kuskuren, da na yi tunanin idanun da za su juyo, sai in fasa tashi. Kawu bai taɓa tilasta mini ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Wata rana bayan an watse ya ba ni wasu 'yan guntayen takardu da ya yanka da almakashi, ya ce idan na gani in rubuta lambar layin da dalili, in tura ƙarƙashin gwangwanin alli, ba wanda zai sani. Bencina yana kusa da tebur. Bayan an gano sai ya ɗaga gwangwani ya karanta, ya ce wa ajin akwai wanda ya riga su, bai taɓa faɗin wa ba. A hanyar masallaci sai ya rage murya ya ce, Uwata, hannunki yana da baki, wata rana sauran jikin zai koya.

Saboda ba na iya cewa a maimaita mini, sai na fara jingina wayata a jikin jakata, idonta yana kallon allo. A gida in sake kallon inda ya wuce ni. Wayar ƙarama ce, ba ta da wuri, hayaniyar musun kuma ba ta da amfani a gare ni tunda ina rubuta kuskuren kowace rana a littafi, da kwanan wata. Don haka da zarar ya ja layi biyu ƙarƙashin amsa, kafin ma alli ya koma gwangwani, sai in kashe. Guda arba'in da uku na tara. Kowanne darasi ne tsaf daga farko har amsa, da muryarsa, da hannunsa, da kuskure a ciki wanda ba a zagaye ba.

A watanninsa na ƙarshe ya rame, yana yawan zama a tsakiyar aiki, yana cewa ƙafa ce. Wata Alhamis aji ya gano alamar ragi da ta ɓace a layi na huɗu. Ni kuwa wani abu dabam na rubuta a takardata: biyar da ke layi na biyu ta koma biyu a layi na uku. Ya ɗaga gwangwani ya karanta. Ya daɗe yana kallon allo. Na ji ya ce, a hankali, ba da kowa ba, "Wannan ba shi na ajiye ba." Sannan ya juyo yana murmushi ya ce yau biyu ya kawo, aka yi ta dariya. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ban gaya wa kowa ba, na ce wa kaina gajiya ce.

Ranar sadakar uku, bayan an raba masar sadaka, mata sun ragu, Inna ta ce abin da ya fi damunta shi ne la'asar. La'asar ta yi, zaure shiru. Ta ce shekara da shekaru tana jin muryarsa ta bango tana tsintar shinkafa, ba ta san me yake faɗa ba, yanzu ko guntun muryar babu. Ban yi shawara da kowa ba, na ciro wayata na kunna mata ɗaya. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta kara a kunne. Yaya ya shigo ya same mu a haka. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya zauna a ƙasa yana kuka, ya ce ashe Rediyo tana da amfani, ya karɓi wayar ya kwashe duka.

Ranar bakwai ya tura su rukunin tsofaffin ɗalibai da ke waya, ya rubuta cewa sadaka ce mai gudana ga Baba, kowa ya tura wa ɗan bak da ya sani. Na ga saƙon. Zuciyata ta faɗa mini a take cewa kurakuran za su bi yara. Na ce wa kaina ai tsofaffin ɗalibai sun san halinsa, za su gane. Gaskiyar ita ce, kafin in ce a dakata sai na yi bayanin cewa na saɓa wa mamaci a gidansa, a gaban mutum ɗaruruwa da ke ta rubuta amin. Na ajiye wayar na ci gaba da wanke-wanke.

Bayan mako biyu wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu malamin lissafi ne a wata lise a Kégué, ya zo gidan ranar Juma'a da yamma. Na kai musu ruwa zaure, shi da Yaya, na tarar yana magana. Ya ce a jarrabawar gwaji yara huɗu a ajinsa sun raba da lamba mai ragi ba su juya alamar ba, iri ɗaya sak. Da ya soke, wata ta kawo masa waya ta ce Metir na Zongo haka ya yi, kuma an ce shi ne ya koyar da malamai. Ya ce a ɗakin malamai an kunna wani bidiyon ana dariya, ana cewa tsohon ya ruɗe kafin ya mutu. Shi ya san ba haka ba ne, shekara biyu ya yi a kan bencin nan. Yaya ya rantse bai taɓa kallon ko ɗaya har ƙarshe ba, da ya ji muryar yake kashewa. Malamin ya ce:

"Rabin darasi ne wannan. Rabin da ke da guba aka raba wa yara, aka bar maganin. Wa ya ɗauka, wa ya yanke?"

Ina tsaye da faranti. Na ce, "Ni ce."

Yaya ya kalle ni ya ce, "Kin sani kika bar ni na tura?" Ban taɓa ganin ya kalle ni babu wasa a idonsa ba sai ranar.

Ya goge su daga rukunin nan take, amma sun riga sun fita, wannan ya tura wa wancan. Malamin ya kawo shawara a fitar da sanarwa cewa Metir ba shi da lafiya lokacin da aka ɗauka, kada a yi aiki da su. Ya ce shi kansa bai so, amma ita ce maganar da za ta fi saurin tsayar da yara. Da aka kai wa Inna, daga cikin ɗakin takabarta ta ce mijinta da hankalinsa ya tafi, duk wanda ya rubuta akasin haka kada ya sake taka mata gida.

Mahaifiyata, Mma, kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ba lissafin ne ya dame ta ba. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne na zauna a gaban yayanta wata shida ina yi masa abin da ya hana ɗan cikinsa. A rana ta uku ina dama koko ta tsaya a kaina ta ce ita ba ta san abin da ke cikin wayar ba, amma ta ji an ce rabi ne. Ta ce ni na yanke, ni zan ƙarasa, kuma da bakina, ba da guntun takarda ba. Na ce mata ni ma jarrabawa ce a gabana. Ta ce ta sani.

Na ɗauko sandar Yaya daga bayan ƙofa, na cire tsumman. Kullum bayan la'asar, ranakun da malamin Kégué ba ya zuwa riƙe mana aji, ina tsayawa ni kaɗai a zaure. A farkon kowane bidiyo ina ƙara muryata, da Hausa sannan da Faransanci: a cikin darasin nan akwai kuskure, Metir da gangan yake sawa, ka nemo shi, in da hali kai da wani, kafin ka kalli rabi na biyu. A rabi na biyu in sake rubuta aikin a allonsa, in zagaye wurin da jan alli, in faɗi dalili. Na farko sau tara na sake shi, ba kowa a gabana sai bencina. Malamin yana dubawa, Yaya yana haɗawa ya tura.

Don in sake rubutawa dole in bi kowane layi da kaina, ba in duba littafina kawai ba. Talatin da biyu na farko sun yi daidai da abin da na rubuta, ɗaya ɗaya. A na talatin da uku na zagaye wanda ke littafi, na ci gaba da lissafi, amsar ta ƙi fitowa. Akwai wani a ƙasa. Cikin sha ɗaya na ƙarshe, bakwai suna da biyu. Mu ashirin da wani abu muna zaune ba mu gani ba, don ya saba mana da ɗaya, da mun samu ɗaya sai mu daina nema. Ke nan har mu 'yan zaure mun kwafi kuskure a littattafanmu muna ɗauka an wanke. Abin da ya fi tsaya mini kuma, ban san ko wanda muka zagaye shi ne wanda ya ajiye ba. Wataƙila mun nuna masa wanda bai san da shi ba, ya karɓa, ya sallame mu.

Na nuna wa malamin. Ya bi su da biro, ya cire tabarau ya ajiye, ya ce haka ne. Ya ce yara dole su sani, amma yadda za a faɗa, wannan maganar gida ce. Na yi kwana biyu ina juyawa. Idan na ce ɗaya, na rufa wa Kawu asiri, na bar yaro da kuskure a hannu saura mako uku. Idan na ce biyu, duk wanda ya taɓa zama a zauren zai gane abin da ake nufi, masu dariya a ɗakin malamai kuma sun samu abin riƙewa. Na tsaya gaban sanda na ce biyu.

Roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi: idan akwai bidiyon Metir a wayarka ko ta ɗanka, wanda ya fara da muryarsa kai tsaye babu muryar mace a gaba, ka goge, ka gaya wa wanda ka tura wa. Cikakkun suna wurin ɗansa. Na san ba duka za su dawo ba. Akwai yaron da ba zan taɓa sani ba, wanda zai zauna a ɗakin jarrabawa ya bar sifili, ko ya ƙi juya alama, don ya ga dattijo ya yi haka. Wannan a wuyana yake, ba a wuyan Kawu ba.

Ɗakin Inna bango ɗaya ne da zaure. Ranar da na ɗauki na talatin da biyar, ina naɗe sanda, ta kira ni. Tana zaune a tabarma da carbi, ta ce in zauna. Ta ce kullum tana jina. Faransancin ba ta ji, amma Hausar tana ji. A da ina cewa kuskure, shekaranjiya da yau na ce kuskure biyu. Shi kuwa, tun tana amarya yake gaya mata ɗaya yake sawa, ya ce biyu zalunci ne.

Na sunkuyar da kai. Na gaya mata na littafi, na gaya mata na ranar Alhamis da abin da na ji ya faɗa. Ina jiran ta ce in fita.

Ta ja carbi kaɗan. Ta ce takardar tana nan, ta same ta a aljihun rigarsa da za ta wanke, ta ba shi, ya karɓa ya sa ƙarƙashin matashi. Ta ce tun kafin azumi yake tambayarta wace rana ce sau biyu kafin azahar. Wata safiya ya ce mata lambobi sun fara sauya masa wuri, ta ce ya huta, ya ce bayan bak. Ta ce ta sani, ba ta dai so a ji daga bakin wani ba, a rubuce, kamar sanarwar asibiti.

"A cikin biyun," ta ce, "kin san wanne ne nasa, wanne ne na ciwo?"

Na ce ban sani ba. Na ce na yi ta dubawa, ba su da bambanci.

"To ki ce biyu. Ki zagaye duka. Kada ki raba masa su."

Na ce to. Na tashi zan fita, ta ce gobe in ɗan ɗaga murya, ba ta jina sosai ta bango.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa wanda ya sani da wanda bai sani ba, Ya haskaka makwancinsa. Ya ba yaran nan sa'a. Ni kuma Ya yafe mini. Saura takwas ban ɗauka ba.